Kiran Suna a Kalgo

Ranar Talata ce, cikin bazara. Maigidana ya kira assalatu kamar kullum, don shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Gwandu. Muryarsa ta ɗan dishe ranar, har na ce a raina zan dafa masa citta. Na hura wuta, na ɗora ruwan koko. Ƙarfe bakwai yaran unguwa sun fara shigowa da kwanuka. Ƙarfe takwas na kankare tukunya.

Mu Zabarmawa ne, daga wani ƙauye bayan Dosso. Farin da ya kashe dabbobi ne ya koro mu, shekara goma sha biyu kafin wannan rana, ina amarya da ƙaramin ciki. Liman Umaru ya ba mu ɗaki biyu a bayan masallaci. Duk 'ya'yana uku a nan na haife su, shi ya raɗa musu suna. Babbar mace ce, shekararta goma sha ɗaya. Sai Isa mai shekara shida, sai Rabi a goye.

Babbar ba zan faɗi sunanta ba. Ɗiyar fari ce. A wurinmu, da wurin mutanen Gwandu ma, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, in an tambaye ta ko nata ne sai ta kau da kai. Haka aka yi mini, haka na yi. "Ke" nake ce mata, ta kuma san da ita nake. Inna Kulu, matar Liman, ita ke ƙwala mata kira ta kan katanga, ita ke yi mata kitso. In na ji sunan a bakin Inna Kulu sai raina ya yi fari, fuskata kuwa kamar ban ji komai ba.

Mako uku ke nan da rediyo ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar. Takardar me? Da ƙafa muka shigo, ba wanda ya tambaye mu sai ko mun sha ruwa. Liman ya ce mu zauna. Shi da dattawan masallaci uku suka rubuta sunan kowane baƙo na unguwa, jama'a suka dangwala hannu cewa sun san mu, suka kai ofis a Birnin Kebbi har sau biyu. Sau biyun aka shanya su a benci har la'asar. Ranar Juma'a Liman ya yi magana a kanmu, ya ce mutumin da kuka haɗa kafaɗa da shi a sahu shekara goma ba kaya ba ne da za a loda a mota. Ba kowa ya ji daɗi ba. Akwai masu cewa mu muka sa gero ya yi tsada, wasu ma suka daina salla a bayansa.

Ni dai hankalina bai taɓa kwanciya ba. In ɗaure kaya, in kwance, in sake ɗaurewa. Maigidan ya ce ina ba shi kunya, kamar ban yarda da Liman ba. Na ce na yarda da Liman sarai, bindiga ce ban sani ba ko ta san shi.

Ƙarfe goma saura na ji usur. Sau uku, gajere gajere. Sai ƙugin manyan motoci biyu daga wajen kwalta. Sai kaji suka watse a gidan maƙwabta. Sai dukan ƙofar kwano, daga farkon layi, gida bayan gida, yana matsowa.

"Kowa ya fito! Baƙi waje!"

Na leƙa ta danga. Masu kaki sun kai goma sha biyu, da kulake da dorina, biyu da bindiga. A bayansu samarin gari ne, su ke nuna gidaje. Na gane uku a cikinsu. Ɗaya ma da kokona ya girma, ɗan banza. Suka fito da wani tsohon Buzu mai gadin shaguna. Suka fizge masa rawani, ya sa hannu biyu ya rufe bakinsa. A kan hannun suka sauke masa kulki. Na ji ƙarar daga inda nake.

Na saɓa Rabi a baya, na kama Isa. Na ce, "Ke, ɗauko ƙunshin." Ta ɗauko. Muka tsallaka ta wurin alwala muka faɗa masallaci. Ni da ban taɓa taka cikinsa ba, sai ga ni gaban mumbari da takalmi a ƙafa. Mun tarar da gidaje shida sun riga mu. Maigidana na tsaye bakin taga.

Ƙarfe goma da kwata suka iso. Liman ya riga ya fita ƙofa. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi a daidaita sahu. Mazajen unguwa suka jeru a bakin masallaci kafaɗa da kafaɗa, sahu biyu, kamar za a tada salla. Akwai mahauci, akwai tela, akwai tsofaffi masu sanda. Wasu ko hula babu.

"A ba da hanya!"

Ba wanda ya motsa. Liman ya ce waɗanda ke ciki amanar masallaci ne, takardarsu tana ofis, a je a duba. Aka sake cewa a ba da hanya. Sai na ji dorina. Tas, tas, tas, a kan riguna. Wani tsoho ya faɗi, na bayansa ya matso ya cike gurbin. Daga nan aka sa wa Liman gindin bindiga a hannu. Bai yi ƙara ba, zama kawai ya yi a dokin ƙofa, ya tokare ta da ƙafa.

Ana cikin haka warin hayaƙi ya shigo. Samarin ne suka gama kwasar abin da za su kwasa a ɗakunanmu, suka cinna wa jinka wuta. Ina jin fashewar gorar rufin, fat, fat. Injin niƙan da ke bayan layi bai daina aiki ba duk tsawon lokacin nan. Har yau in na ji injin niƙa da hantsi sai ranar nan ta dawo mini.

Inna Kulu ce ta leƙo ta ƙaramar ƙofar da ke haɗe da gidan Liman. Ta yafuto mu gida gida. Ta damƙa wa maigidana wata 'yar takarda ta ajami da Liman ya rubuta tun da daɗewa, zuwa ga Liman Garba na Kalgo, abokin karatunsa. Ta ce daga Kalgo za a san yadda za a kai mu iyaka da mutuncinmu. Ta kama yarinyar ta rungume, ta kira sunanta, ta ce ta yi haƙuri kwana kaɗan ne. Ni ko kallonsu ban yi ba. Ina can ina gyara goyo.

Sha ɗaya da rabi muna cikin amalanken wani manomi, an lulluɓe mu da karan dawa. Rana ta buɗe. Jakin na tafiya kamar an roƙe shi. Duk ƙarar mota sai manomin ya ratse cikin gona ya tsaya, mu ɗauke numfashi. Isa ya yi fitsari a wando. Yarinyar ta cire ɗankwalinta ta shimfiɗa masa. Azahar ta same mu kusa da Maruda. Ruwan gorarmu ya ƙare tun kafin la'asar.

Wasu Fulani suka karɓe mu a rugarsu, suka ba mu nono, muka kwana. Washegari Laraba manomin ya haɗa mu da wani direban a-kori-kura mai ɗaukar albasa. Muka kwanta tsakanin buhuna. Ya bi da mu ta hanyoyin shanu don kada ya shiga Birnin Kebbi. Sau biyu motar na kafewa a yashi, maigidan na sauka yana turawa. Na ƙosa, na ƙosa, kamar in sauka in ruga da ƙafa.

Ƙarfe biyu muka hau kwalta. Ana hango rufin kwanon Kalgo. Nan shingen yake, ganguna biyu da katako mai ƙusoshi.

"Tsaya! Sauke buhunan!"

Ba su tambayi takarda ba. Tsagar fuskar maigidana suka duba, shi ke nan. Direban ya sha mari biyu, aka kore shi da albasarsa.

Wani fili suka kai mu a gefen gari, an kewaye shi da waya. Mutane sun fi a ƙirga. Namu na Nijar, da mutanen ƙasar Benin, da wasu malaman makaranta 'yan Gana riƙe da akwatuna. Maza gefe guda, mata gefe guda, waya a tsakani. Inuwa ɗaya ce a filin, wata darbejiya a kusurwa. Matan masallacin Kalgo sun kawo randuna biyu sun ajiye a gindinta, aka yarda yara kaɗai su je su sha su zauna. Na tura Isa da yayarsa. Da hannuna na tura su.

Maigidana ya miƙa takardar ta cikin waya ga wani mai kawo ruwa. Ana idar da la'asar sai ga Liman Garba, gajeren tsoho mai furfura, da mutum kamar ashirin a bayansa, ko carbi ba su mayar aljihu ba. Da su da wani fasto da ya zo saboda 'yan Ganan. Suka tsaya gaban babban masu kakin, wanda ke zaune kan kujera a inuwar mota.

Ina kusa, na ji yawancin abin da aka ce. Liman ya roƙi a sake mu a hannunsa, shi zai kai mu iyaka. Aka ce a'a. Ya roƙi a bar mata da yara su kwana a masallaci da coci, a tafi da safe. Aka ce a'a. Ya ce dokar da ke loda mai jego a motar shanu cikin wannan rana ba za ta samu albarka ba, kuma zai faɗa a kan mumbari ko za a ɗaure shi. Babban ya ce ya faɗa. Sun fi sa'a guda a haka. Motoci huɗu suka shigo da baya, ƙarfe biyar da 'yan mintuna.

Da Liman ya ga an fara jan mutane, sai ya roƙi abu na ƙarshe, kada a ɗora uwa a bar ɗanta. Babban ya duba agogo, ya ce ya ba shi minti goma sha biyar. Liman ya hau benci. Ya ce kowace mace in ta iso bakin mota ta kira 'ya'yanta da suna, da ƙarfi, su taso daga gindin bishiya, shi da kansa zai miƙa mata su. Aka tsayar da mai kulki ɗaya a gaban yaran, kada wanda ba a kira ba ya taso.

Muka shiga layi. Layi na tafiya, ina ta lissafi. Na ce in na isa zan nuna ta da hannu. Na ce wata za ta kira mini. Na waiga, ba fuskar da na sani, matan unguwarmu ba su iso Kalgo ba. Na hango maigidana ta bayan waya, ya yi nisa, shi ma kuma bai taɓa kiran sunan ba. Mace shida a gabana. Huɗu. Biyu.

Na iso. Na ce, "Isa!" Ya rugo, Liman ya ɗaga shi ya jefa cikin mota.

Ya juyo gare ni, ya ce, "Ɗiyata, akwai saura?"

Dattawa ashirin na tsaye suna kallona. Na sunkuyar da kai. Wallahi ba shawara na yi ba, wuyana ne ya yi abin da ya saba. Na ɗaga haɓa wajen bishiyar. Yarinyar na tsaye da moɗa a hannu, idonta a kaina. Ta san ba zan kira ba, alama take jira. Da ta ga haɓata ta yi taku biyu. Mai kulkin ya tare ta.

Na ce wa Isa ya kira ta. Yana kuka, ya buɗe baki ya ce, "Yaya!" Abin da ya saba ce mata ke nan. 'Yan mata sun fi biyar da suka waigo.

Wani mai kaki ya daka mini tsawa, "Suna! Ba ki da baki? Na gaba!"

Liman ya matso da kunnensa kusa da ni, ya ce in faɗa masa shi ya kira. Na buɗe baki. Numfashi ɗaya ya rage, ɗaya tak. Sai wani saurayi a gefen maza ya kama waya zai haura. Aka yi harbi sau biyu. Filin ya yamutse. Matan da ke bayana suka danno, aka tura ni sama, gwiwata ta daki ƙarfe, Rabi ta tsandara ihu a bayana. Na ga Liman a ƙasa, rawaninsa a warware. Aka rufe ƙofar baya. Motar ta ja.

A nan na kira ta. Na kama ƙarfen motar na kira sunanta sau uku, da duk abin da ke ƙirjina. Ban san ko ta ji ba. Injuna huɗu na ƙugi, mutane na ihu. Na hango randa ɗaya ta fashe, yara sun taru jikin bishiya. Daga nan kwana ta rufe su.

Na buga jikin motar har tafin hannuna ya fashe. Na roƙi mai bindigar da ke zaune a kan ƙofa, da Hausa, da Zabarmanci. Ya ce tana motar baya. Na yarda, don ba ni da abin yi sai yarda. Muka wuce Bunza rana na faɗuwa. Duk fitilar da na hango a baya sai in miƙe.

A Kamba aka zube mu, aka nuna mana hanya da bakin bindiga. Mota ta biyu ta iso, mata ne, ba ta ciki. Ta uku maza ne. Ta huɗu ba ta zo ba.

Da gari ya waye na ga maigidana a hayin iyaka. Ya dubi Isa, ya dubi bayana. Ya ce, "Ina yarinyar?" Na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Na so ya mare ni. Zama ya yi a ƙasa, ya ɗebi yashi yana zubarwa.

Ba mu wuce ƙauyenmu ba. A Gaya muka tsaya, kusa da iyaka, yana ga-ruwa ina wankau. Duk motar da ta tsallako sai na je na leƙa. Fatake masu goro su ke kawo mana labari. Ta bakinsu muka ji cewa yaran da suka rage an watsa su a mota ta huɗu, wadda ta kwashi mutanen Benin ta yi wajen bakin kogi. Muka ji Liman Garba ya ari babur washegari ya bi sawunta da haƙarƙari a ɗaure. Muka ji ana cigiya kowace Juma'a, masallaci ya miƙa wa masallaci, daga Kalgo zuwa Diggi, zuwa Bunza, har garuruwan masunta. Faston ma ya sa an yi ta faɗa a nasu wurin ranar Lahadi. Suna da kamanni da shekaru, duk ana faɗa. Mutanen da ba su taɓa ganinta ba sun haddace sunan ɗiyata.

Bayan shekara biyu abin ya lafa, muka komo Gwandu. Jama'ar masallaci sun sake rufa mana ɗakunan. Hannun Liman Umaru ya ɗoru a karkace, da hagu yake gaisawa. Saurayin nan da ya sha kokona ya zo gaishe ni. Na ce ya fita mini daga gida, har yau ban amsa sallamarsa ba.

Liman Garba ya zo da kansa daga Kalgo. Ya zauna a zaure, na zauna bayan ƙofa. Ya ce shi ma ɗan fari ne, mahaifiyarsa ta rasu ba ta taɓa kiran sunansa ba, amma ranar nan sam abin bai zo masa a rai ba. Ya ce in yafe masa. Na ce, "Malam, kai ka tsaya mana inda ba wanda ya tsaya. Ba bakinka ne ya ƙi buɗewa ba."

Shi ya faɗa mini abin da wani yaro cikin waɗanda aka samo ya ce. Motar ta tsaya bayan Bunza a zuba mata ruwa. Yarinyar ta sulale ta sauka. Yaron ya tambaye ta ina za ta, ta ce Gwandu, wurin Inna Kulu. Ba ta ce wurina ba. Wannan ya fi komai ci mini rai, kuma ban ga laifinta ba. Ba ta iso Gwandu ba. An tambayi rugage, an tambayi masunta, an tambayi direbobin hanyar. Ba wanda ya ce ya ga gawa, ba wanda ya ce ya gan ta.

Maigidana ya rasu shekara huɗu da komowarmu. Isa ya girma, yana tuƙa mota a hanyar Kamba, ni na san abin da ya sa ya zaɓi hanyar. Ni kuma ba na iya zama wuri ɗaya. In aka ce an ga wata mata a wani gari da ba ta san danginta ba, sai in ɗauki mayafi. Na je wurare tara.

Kafin Liman Garba ya tashi ranar, na tambaye shi su nawa ne suka rage a gindin bishiyar. Ya ce bakwai. Biyar a cikinsu 'ya'yan fari ne. An samo shida.